Na Taro ko Na Kanti? Abin da Mai Tara Transformers a Damagaram Zai Duba Kafin Ya Tura Kuɗi

A 2006 kamfanin Hasbro, mai yin Transformers, kayan wasan roba da ke rikiɗa daga mota ko jirgi zuwa mutum-mutumi, ya fito da wani Optimus Prime, jagoran jaruman labarin, cikin jerin da ya kira Classics: kan tirela ne ja da shuɗi, idan aka buɗe shi ya miƙe ya zama mutum-mutumi mai tsayin kusan santimita 17. Ba a jima ba aka sake fito da shi fari fat, aka ce sunansa Ultra Magnus. A 2008 ya bayyana baƙi a taron Comic-Con na San Diego da sunan Nemesis Prime. A wannan shekarar dai aka sayar da shi cikin launin shunayya a BotCon, taron masoya Transformers, da aka yi a birnin Cincinnati, a matsayin mugun Optimus na labarin Shattered Glass, inda aka juya abin, jarumai suka koma azzalumai. Takara Tomy na Japan ma ya fitar da nasa, ya ƙara masa ƙyallin kurom. Guda biyar ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya. Gaɓoɓinsu iri ɗaya, yadda ake naɗe ƙafafu iri ɗaya, rufin kan motar da ke zama bindiga da bututun hayaƙin da ke zama bindiga ta biyu duk ba su canza ba. Amma wanda ya nemi na shunayyar yau, kuɗin da za a faɗa masa zai ninka na jan sau da yawa.

To me ake saya da wannan ƙarin kuɗi da ke tsakanin na taro, wato wanda aka yi musamman don sayarwa a irin waɗannan taruka, da na kanti? Mutumin da ke zaune a Birni ko Zango ko Sabon Gari, wanda ba zai taɓa riƙe kayan a hannu ba sai bayan ya biya, kuma ba shi da hanyar mayarwa idan ya iso a karye, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara warwarewa.

Mazubi ɗaya, launi daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyum ya riga ya fahimci rabin zancen. Wahalar tana wajen samar da mazubi. Idan an same shi, zubi na goma da na dubu duk siffa ɗaya za su fito. Na kayan wasa ƙarfe ne mai ɓari biyu, ana tura narkakkiyar roba ciki da ƙarfi, ta huce, a buɗe. Sassaƙa shi ne ke cin kuɗi mai yawa, kuma abin wasa guda yana buƙatar mazubai da dama. Masu shirya taron masoya, waɗanda za su sayar da ƴan ɗaruruwa ko dubu ɗaya zuwa biyu, ba za su iya biyan sabon mazubi na jiki gaba ɗaya ba. Sai su zaɓi wanda yake akwai, su canza launin robar da ake zubawa, su canza fentin da ake bugawa, su laƙaba masa wani suna. Idan sun yi ƙoƙari su sassaƙa sabon kai, wani lokaci sabbin fukafukai.

Nan ne bambanci na farko yake, kuma ya fi kowanne muhimmanci wajen farashi. Akwai wanda launi kaɗai aka canza masa, ɗan juma ne da ɗan jummai. Akwai kuma wanda aka yi wa sabon ɓangare da ba a samu a kanti. Kunshin BotCon na 2007, wanda aka yi a Providence, ya haɗa duka biyun a kwali ɗaya. Thundercracker ɗinsa Starscream ne na Classics aka mayar shuɗi, babu ko ƙusa ɗaya sabuwa. Bugbite kuwa Bumblebee ne aka mayar fari. Amma Thrust an yi masa sabbin fukafukai, Dreadwind kuma, wanda aka ɗauko daga Jetfire, an ba shi sabon kai.

Wani abu da sabon shiga ba ya lura da shi: ɓangarori da yawa a mazubi guda ake zuba su lokaci ɗaya, don haka dole su fito launi ɗaya. Idan cinya da bindiga da ƙyauren mota suna tare, ba yadda za a yi cinya ta zama baƙa ƙyaure ya zama ja, sai dai a rufe ɗaya da fenti. Shi ya sa za ka ga na taro sau da yawa ya fi na kanti yawan fenti. Yana da kyau a hoto. A hannu kuwa, duk inda fenti ya hau wurin da ke gogar wani wuri, nan zai fara ɓarewa, kuma abin da zai leƙo daga ƙasa wani launi ne dabam. Na kantin da robarsa ce ja tun daga ciki, ko ya karce ja ne zai bayyana.

Ƙarancinsa gaskiya ne, amma ba ya dawwama

BotCon ya fara ne a 1994 a Fort Wayne ta jihar Indiana, kuma abin da aka ba mahalarta a wannan karon shi ne Breakdown, wata ƙaramar motar tsere da Hasbro ya shirya fitarwa a jerin Generation 2 amma bai kai ta kanti ba. Daga nan abin ya zama al'ada: Nightracer a 1995, Onyx Primal a 1996, Fractyl da Packrat a 1997, Shokaract da Apelinq a 2000. Daga 2005 zuwa 2016 kamfanin Fun Publications ne ya riƙe taron da izinin Hasbro, shi ya kawo salon babban kwali mai soso a ciki, wanda aka yanka wa kowane ɗan wasa gurbinsa, tare da takardar shaida da ɗan baje na maƙalawa a riga da littafin labari mai zane. Na ƙarshe a hannunsu shi ne na Louisville a 2016.

Waɗannan ba za a sake buga su ba, wannan haka yake. Abin da ake iya sake bugawa shi ne jarumin da launinsa, kuma an yi hakan ba sau ɗaya ba. Thundercracker ɗin 2007 ya yi tsada ƙwarai domin a lokacin babu wata hanyar da mai Starscream da Skywarp zai cika ukunsu, tunda jiragen nan uku tare suke a labarin. Sai Takara Tomy ya fitar da nasa a 2008, sannan a 2011 Hasbro ya zuba Thundercracker a kantuna cikin jerin Generations, mazubi ɗaya, a farashin da yaro zai iya tarawa. Thrust da Dirge sun riga shi fitowa a 2010. Abin dariya ma, Dirge na kanti ya fi na taro kama da na asali, don shi an yi masa fukafukansa na kansa, na BotCon kuwa fukafukan Ramjet ya ara. Mugun Optimus na shunayya ma daga baya an sake yin sa a sabon mazubi, aka sayar tare da Ratchet, kuma daga 2021 Hasbro ya buɗe jeri guda na Shattered Glass.

Don haka kafin ka ɗauki na taro a matsayin ajiya da za ta haihu, duba ko jarumin sananne ne. Idan sananne ne, ka sa a ranka wata rana zai fito a kanti, kuma sau da yawa da gaɓoɓin da suka fi na tsohon. Waɗanda ke riƙe darajarsu su ne waɗanda taron ne ya ƙirƙire su, kuma ba su da farin jinin da zai sa babban kamfani ya waiwaye su, ko waɗanda aka yi ƴan kaɗan ainun, irin na ajin koyon haɗawa da fenti da ake yi a gefen taron. Su kuwa farashinsu ya wuce na mai neman abin kallo.

Kuma a Damagaram wa za ka sayar wa? Mai sayen na taro da tsada yana Amurka ko Turai ko Japan. Sai ka sake biyan kuɗin aikawa, ka kuma shawo kan baƙon da bai san ka ba ya yarda ya tura kuɗi Nijar. Wanda ke neman jari, rago ya fi.

Comic-Con da na Japan

Na Comic-Con wani abu ne dabam da na BotCon. Hasbro da kansa ke yin su, yawansu ya fi yawa, kuma galibi abin da zai fito kanti ne ake yi wa kwalliya a saka a kwali mai ɗaukar ido. Metroplex na 2013, wanda tsayinsa ya kai kusan santimita 60, ya zo da bindiga biyu maimakon ɗaya ta kanti, da ƙyallin kurom a wasu wurare. Fortress Maximus na 2016 ya zo da takobi. Devastator na 2015, motocin gini shida da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya, ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙa: na San Diego ya sha ƙyalli da wani kai dabam, amma wanda Takara Tomy ya fitar cikin jerin Unite Warriors shi aka gyara wa hannuwa, aka ƙara gwiwar hannu ga waɗanda ba su da ita, aka ba kowane ɗaya bindigarsa. Mai son abin da zai lanƙwasa ya tsayar yadda yake so, na Japan zai nema. Mai son ƙyalli da kwali, na taro.

A Japan akwai na Wonder Festival da na Tokyo Toy Show da waɗanda shagon e-HOBBY ke fitarwa. Akwai kuma tarukan masoya irin su TFcon na Kanada, inda kayan da ake kira na musamman ƙananan kamfanoni ne marasa lasisi ke yin su. Wasu aikinsu na da kyau sosai, amma ba su da tambarin Autobot ko Decepticon, ƙungiyoyi biyu da ke yaƙar juna a labarin, kuma ba Transformers ba ne a takarda. Mai sayarwar da ya ce maka “na taro ne” ka tambaye shi wane taro, wace shekara.

Robar da ba ta son zafinmu

A nan mazaunin Damagaram ya bambanta da mai tarawa na Ingila, kuma a ganina nan ya kamata zaɓi ya fi tsayawa. Watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka nesa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ƙura ta kowace kafa. Kayan taro kuma, saboda a burge mai kallo, an fi yin su da irin robobin da wannan yanayi ke cutarwa.

Kurom na farko. Ba ƙarfe ba ne mai kauri, wani siririn shafe ne na alminiyum a kan roba, a bi shi da ruwan launi mai sheƙi. Gumin hannu yana dusashe shi, tsufa yana sa ya tsattsage ya riƙa zubowa kamar ɓawon albasa. Kayan jerin Beast Wars masu suna Transmetal sun shahara da wannan ciwon, kuma Shokaract da Apelinq daga mazubansu aka ɗauko su. Idan ya zube ba a gyara shi a gida. Alƙalamin fenti mai ruwan azurfa yana rufe tabo kaɗan, amma ido na gane shi daga nesa.

Sai roba mai ruwan zinariya, wadda idan ka ƙura ido za ka ga kamar an dama garin ƙarfe a cikinta, da ƴan layuka masu murɗewa. Wasu daga cikin irinta, musamman na ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, suna rasa danƙonsu su koma kamar ƙuli-ƙuli: ka taɓa, ya ɓare, babu ma farin tabon gargaɗi. Black Zarak na Japan da Electro da Slingshot na Generation 2 su ne misalan da kowa ke bayarwa. Ko a cikin kwalin da ba a buɗe ba yana faruwa. Manne shi ba ya amfani, don gefen da ka manna zai sake karyewa kusa da wurin. Ba kowace roba mai ruwan zinariya ke haka ba, na baya-bayan nan an inganta haɗinsu, amma tsoho mai irin wannan roba a gaɓa, bar shi ga mai shi.

Roba mai haske kamar gilashi tana tsagewa a wurin da aka ratsa ƙusa ko inda ƙwallon gaɓa ke shiga. Kyanta a gilashin mota ne. Idan aka yi hannu ko kafaɗa da ita, kowace rikiɗa caca ce.

Fara da toka-toka mai haske suna komawa ruwan ƙwai. Rana ce ta fi hanzarta abin, amma zafi kaɗai ma yana yi, har a cikin duhu. Haushin shi ne ba duka jikin ke canzawa tare ba, domin ɓangarorin ba robarsu ɗaya ba: sai ka ga ƙirji fari, cinya kamar an tsoma ta a shayi. Bugbite da Ultra Magnus da Metroplex duk suna cikin wannan haɗari. Ana wanke su da ruwan oksijene na famasi, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, ko kirim ɗin masu gyaran gashi mai kashi 12, a kwance ɓangaren, a cire ƙusoshi, a tsoma a kwalba mai haske a ajiye a rana ana dubawa. Yana fari, amma sau da yawa rawayar na dawowa, kuma ruwan yana dusashe fenti, ya ci kurom, ya sa ƙarfen da aka manta a ciki tsatsa. A kan na kanti mai araha ana iya gwadawa. A kan na taro, fentin da ka biya dominsa shi za ka fara lalatawa.

Roba mai laushi ta tayoyi da takubba da ƙahoni kuma takan yi gumi mai danƙo idan ta sha zafi, ta kama ƙura, wani lokaci ta narkar da fentin da ta jingina da shi. Haka ƴan siraran robobin da ake ɗaure kaya da su cikin kwali.

Baƙi, shuɗi mai duhu, ja, shunayya, waɗanda launin yake cikin robar: su ne masu jure mana. Cikin ƴan'uwan nan biyar, Nemesis Prime zai fi Ultra Magnus daɗewa da kyansa a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska.

A kwali ko a leda

A zamanin Fun Publications, BotCon yakan sayar da kunshinsa iri biyu, mai kwali da kuma wanda aka zuba a leda kawai. Kayan ciki ɗaya ne. Yau a kasuwar intanet za ka samu mai kwali cikakke, ka samu ɗaya-ɗaya da aka ɓalle daga kunshi.

Kwali yana ƙara farashi sau biyu, wajen mai sayarwa da wajen mai ɗauka. Kamfanonin aika kaya ta jirgi ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har girma: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000, abin da ya fito shi ne kilo, kuma tsakaninsa da nauyin sikeli wanda ya fi yawa za a caje ka. Kwali mai 45 da 35 da 15 zai ba da 23,625, a raba, kilo 4.7 ke nan, alhali robar da ke ciki ba lallai ta kai kilo biyu ba. Kana biyan kuɗin jirgi wa soso da iska. Ga kuma duwan, wanda ke lissafi a kan darajar kaya. Idan farashin da yuro ne lissafin ba wuya, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi: yuro 100 jika 65 ne da ɗori, kafin kuɗin banki. Dala da yen kuwa sai ka duba ranar.

Bayan ya iso, kwalin yana da nasa maƙiyan: gara, kyankyaso, laimar Agusta, da tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai a ƙarƙashin buhuna cikin motar safa. Kwali mai lotsattsen gefe ya riga ya zubar da rabin abin da aka saye shi dominsa. Ra'ayina, mai son na taro a nan ya nemi wanda ba kwali amma cikakke. Cikakke na nufin duk makamansa da harsasansa da katin bayaninsa. A mazubin Starscream na Classics akwai bindigogi biyu masu sifirin da harsasai biyu, kuma na taron launinsu na musamman ne. Idan harsashi ɗaya ya ɓace, na kanti ba zai maye gurbinsa ba, neman guda ɗayan kuma sai ya fi neman jikin wuya.

Wanda bai buɗe ba ma yana da nasa hasarar: ba ka san abin da ke ciki ba. Masana'anta takan yi kuskure, hannun hagu biyu, ko fuska da fenti ya zame. Mai kanti a Amurka zai canza wa mai saye na kanti. Na taron da aka yi shekara goma sha biyar da suka wuce babu mai canza shi. Masu batir kuma, batirin na iya fashewa a ciki ya ci ƙarfen.

Jabu

Mazuban nan biyu, na Optimus da na Starscream, suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma launukan taro ake fi bugawa tunda su ke da tsada. Wani jabun kyan ɗan maciji gare shi, har kwali ake yi masa.

Tambarin shekara da ke jikin ɗan wasa ba hujja ba ce. Shekarar da aka sassaƙa mazubi yake nunawa, ba shekarar da aka zuba wannan ɗin ba, shi ya sa na gaske na 2008 zai iya ɗauke da 2006, kuma mai jabu da ya kwafi jiki ya kwafi tambarin tare. Abin da ke tona asiri shi ne kaifin zane: layukan jikin jabu sun fi dusashewa, gefuna na da gashin roba da ba a gyare ba, tambarin ƙungiya yakan karkace ko gefensa ya yi dishi-dishi, launi yakan yi haske ko duhu fiye da na ainihi, gaɓoɓi kuma ko dai su yi sako-sako ko su ƙage har su yi farin tabo. Ka nemi mai sayarwa ya ɗauko hoto a hasken rana, gaba da baya, a siffa biyun, da fuska kusa-kusa, da kowace gaɓa, da makamai a jere, da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar a gefe. Ka kwatanta da hotunan da masu tarawa suka daɗe da sakawa. Mai na taro guda ashirin iri ɗaya, sababbi, a rabin farashi, ya riga ya faɗa maka amsar. Wanda ya ƙi ƙarin hoto, sayen kifi a ruwa yake so ka yi.

Wanda ya sayi jabu yana sane, a kuɗin jabu, don ya ajiye a kanta, shi ya san abin da ya saya. Kada dai a ba ƙaramin yaro, don babu wanda ya gwada fentinsa ko ƙarfin harsashinsa. Su kuwa manyan masu walƙiya da ake gani a teburan kayan yara na kasuwar Dole lokacin salla, wannan wani aji ne, ba a kwatanta su da ko ɗaya cikin waɗanda ake magana.

Dilar gwanjo ta kayan wasa ita ce wurin da ake tsintar na gaske da araha, daga Kano ko Kwatano. Da wuya ya zo da makami, amma jiki mai tambarin Hasbro ko Takara ko Tomy a ƙafa yana da amfani, ko don ɓangarori, ko don abin da ke tafe.

Ka yi fentin da kanka

Idan launin kawai ya tafi da hankalinka, wannan ita ce hanya mafi araha, kuma ba ta buƙatar sa'ar kowa. A samo na kanti mai mazubi ɗaya. A ɗauki hoto a kowane mataki na kwancewa, a jera ƙusoshi a farantin ƙwai yadda aka ciro su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, doguwa a gurbin gajeruwa tana huda gaba. Ƙusoshin da ba su da kai, waɗanda aka buga, a bar su, a rufe gefensu da salatif na takarda. A wanke da sabulu a shanya. A goge da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 1000, har sheƙin ya mutu. A sa fentin shimfiɗa siriri, sannan fentin akirilik shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. A rufe da ruwan kariya, a bar shi aƙalla awa 24, kwana biyu ya fi, kafin a haɗa.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Fentin fesawa na mota da tina mai ƙarfi suna cin robar, su sa ta tsage daga baya. Ruwan goge fentin farce yana narkar da ita nan take. Ƙwallon gaɓa da haƙoran da ke shiga rami ba a yi musu fenti, don kaurin shafi ɗaya ya isa ya hana su shiga ko ya fasa ramin. Akwai wata roba mai santsi da ake yin gaɓoɓi da ita don ƙarfi, fenti ba ya kama ta ko an yi shimfiɗa, farce kawai zai ɗaye shi, saboda haka tun farko a zaɓi jikin da gaɓoɓinsa baƙi ne ko toka. Kada a yi aikin ranar da hazo ya sauko. Idan ya zama dole, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, a kifa babban kwali a kan kayan yana bushewa. Kuma kada a shanya a rana tsaka, siraran ɓangarori na lanƙwashewa.

Abin da ka yi wa fenti ba shi da darajar sayarwa irin ta na taro, kuma amana ce ka faɗi gaskiya idan za ka sayar.

Wa ya dace da wanne

Mai son ya riƙa rikiɗa shi yana wasa da shi, ko zai bar ƙannensa su taɓa, na kanti na baya-bayan nan ya fi masa ta kowace fuska. Mazubi ma yana gajiya: wanda aka yi ta zubi da shi shekara da shekaru yakan fara ba da gaɓoɓi sako-sako, kuma na taro sau da yawa a ƙarshen rayuwar mazubin yake zuwa, ba a farkonta ba. Gaɓar da ta saki ana ɗaure ta da ɗigon man goge daɓe mai akirilik, a juya ta har ya bushe. Kada a ɗiga gam mai kamawa nan take, yana iya ƙulle ta gaba ɗaya ya bar farin hazo a kan robar.

Akwai masu tarawa da ba sa son jera siffar mai fuska a ɗaki, sai su bar su a siffar mota ko jirgi. Su kam biyan kuɗin sabon kai asara ce, tunda kan na naɗe a ciki. Fentin bayan motar kawai za su duba.

Na taro ya cancanci kuɗinsa idan abu uku suka haɗu: yana da ɓangaren da babu a kanti, jarumin bai sake fitowa ba ko sabon bai yi maka ba, kuma robarsa mai duhu ce ba kurom ba ruwan zinariya. Dreadwind na 2007 ya fi Thundercracker na kwali ɗaya hujja. Idan biyu kawai suka haɗu, a jira. Farashin waɗannan kaya yakan sauka duk lokacin da aka sanar da sabon fitowa na jarumin, kuma masu gaggawar sayarwa a lokacin suke fitowa.

Wajen kawowa, hannun ɗan'uwa ko ɗan kasuwar da ke dawowa daga Faransa ko Dubai ya fi komai sauƙi, a naɗe kayan a siffar mota, domin a nan ne babu abin da ya turo waje, makamai a leda dabam, a cusa tsakanin tufafi. Idan ta gidan waya ne, a rubuta sunan ƙasar da manyan baƙaƙe, a ƙara “via Niamey” da lambar waya mai 227, saboda masu rarraba kaya a waje suna rikita Nijar da Najeriya. A gida kuma kabad mai gilashi a jikin bangon da rana ba ta duka, nesa da taga, a liƙa siririn soso a bakin ƙyauren don ƙura. A cire batir. Ƙurar da ta shiga a share ta da burushin kwalliya mai laushi kafin a motsa gaɓa, domin idan aka juya da ita a ciki aikin samfefa take yi.